Nakiya ko Guduma: Yadda Fasa Dutse Ya Haɗa Hukumar Ruwan New York Faɗa da Mutanen Bronx

A tsakiyar shekarar 2008, hukumar da ke kula da ruwan sha a birnin New York na Amurka, wadda aka fi sani da DEP, ta bayyana cewa za ta sa nakiya ta fasa dutse a bakin tafkin Jerome Park da ke yankin Bronx, a wani ɓangare na aikin gina sabuwar matatar ruwan sha. Titi ɗaya ne ya raba wurin aikin da Bronx High School of Science, ɗaya daga cikin makarantun sakandaren da birnin ke tinƙaho da su. Mutanen unguwa suka ce sam. Ɗan majalisar dokokin jiha mai wakiltar yankin, Jeffrey Dinowitz, ya haɗu da ƙungiyoyin mazauna suka shigar da ƙara, kotu ta ce a dakata tukuna, daga bisani hukumar ta janye ta ce to, ta ji, za ta kawo injin guduma ya yi aikin.

Wanda ya ji labarin a gurguje zai ce mutane sun ji tsoron bam ne, kuma sun yi nasara. Duka biyun akwai gyara. Injin gudumar da aka koma wa ya fi nakiya takura wa maƙwabta idan aka duba hayaniya da tsawon lokaci, kuma injiniyoyin hukumar ba su yi ƙarya ba da suka faɗi haka. Su kuma mutanen ba guduma suka roƙa ba. Abin da suka riƙe shi ne takardar da aka amince da aikin a kanta tun 2004, wadda suka ce babu nakiya a cikinta ga wannan wuri, babu kuma sarar dutse daga sama. Wata hanya ce ta uku aka yi musu alkawari.

Me ya haɗa ruwan famfo da dutse?

New York na shan wajen galan biliyan ɗaya na ruwa a kullum, kuma mafi yawansa daga tafkunan arewacin birnin yake gangarowa da kansa, ba sai an tura shi da inji ba. Tushe uku gare shi: Catskill, Delaware da Croton. Croton ne tsohon cikinsu. Tun 1842 ruwansa ya fara shiga gari, a 1890 aka ƙara masa sabuwar magudana ta ƙarƙashin ƙasa wadda aka jere cikinta da jan bulo. Idan komai na tafiya daidai kashi goma cikin ɗari kawai yake bayarwa, amma idan fari ya matsa ko ana gyara a sauran biyun, yana iya ɗaukar nauyin kusan kashi talatin.

Matsalar Croton ita ce gari ya cim masa. Catskill da Delaware suna can cikin tsaunuka da dazuzzuka, birnin ya yi ta sayen filaye yana hana gini a bakin ruwa, shi ya sa gwamnatin tarayya ta ɗauke masa tilascin tace su. Tafkunan Croton kuwa suna gundumomin Westchester da Putnam, inda gidaje da manyan tituna suka zagaye su, duk abin da ruwan sama ya wanko kuma cikinsu yake ƙarewa. A 1989 hukumar kare muhalli ta tarayya ta kafa dokar da ta wajabta tace ruwan tafki da na kogi kafin a ba mutane, sai dai wanda ya cika wasu sharuɗɗa masu tsauri. A 1993 aka ga amfanin dokar a birnin Milwaukee, inda wata ƙwayar cuta da sinadarin kulorin ba ya kashewa ta shiga ruwan famfo ta kwantar da mutum sama da 400,000. New York ta yi ta jan ƙafa har gwamnatin tarayya ta kai ta kotu a 1997, a 1998 aka sa hannu kan yarjejeniya: za a gina matatar ruwa, da wa'adi, da tara idan aka saɓa.

Sai rigimar wuri ta taso. Da farko a cikin tafkin Jerome Park ɗin kansa aka so gina matatar, mutanen unguwa suka yi tsayin daka a shekarun 1990 har aka fasa. Aka koma Van Cortlandt Park, babban filin shaƙatawa da ke kusa, aka ce za a binne matatar a ƙarƙashin wani ɓangare na filin wasan golf na Mosholu. A 2001 kotun ƙoli ta jihar New York ta yanke cewa ba a taɓa filin shaƙatawar jama'a domin irin wannan aiki sai da yardar majalisar dokokin jiha. A 2003 majalisar ta yarda, bayan an yi alkawarin zuba sama da dala miliyan 200 wajen gyara filayen shaƙatawa na Bronx. Duk wannan lokacin akwai wani fili mallakar birnin a Eastview, can Westchester, nesa da cunkoson gidaje, wanda mutanen Bronx da yawa suke ganin nan ya dace. Ba a kai aikin can ba.

Don haka kafin a zo maganar nakiya ta 2008, an riga an shekara fiye da goma ana kai ruwa rana tsakanin hukumar da waɗannan unguwanni.

Matatar na Van Cortlandt, amma ruwan da za ta tace ta wajen Jerome Park yake zuwa, kuma bayan an tace shi ta nan zai dawo ya shiga bututan da ke rarraba shi cikin gari. Dole a haƙa ramuka masu tsawo tsakanin wuraren biyu, dole kuma a yi rijiya mai faɗi da ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a bakin tafkin, inda ramin zai haɗu da bututai da na'urorin auna ruwa. Ƙasar wurin ba ta da kauri. Ana ɗan tona ta sai a ci karo da dutsen da masana ke kira Fordham gneiss, wanda ya samo sunansa daga wata unguwa a Bronx ɗin, ya kuma haura shekara biliyan ɗaya da samuwa. Cokalin katafila ba ya yi masa komai.

Hanyoyin da ake cin dutse

Aikin nakiya a cikin gari ba irin wanda ake gani a fim ba ne. Ana fara huda dutsen da inji, ramuka ƙanana a jere, kowane da zurfinsa da tazararsa. A zuba nakiya gwargwado a kowane, a toshe bakin da tsakuwa domin ƙarfin ya tafi cikin dutse maimakon ya fito sama. A haɗa wayoyi ta yadda ramukan ba za su tashi lokaci ɗaya ba, wannan na bin wancan da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, domin girgizar da za ta isa gidan maƙwabci ta zama ta rami ɗaya ce ba ta dukkansu a haɗe ba. Sannan ƙugiya ta ɗauko manyan tabarmi da aka saƙa da tsofaffin tayoyin mota da wayar ƙarfe, kowace na da nauyin tan da yawa, a lulluɓe wurin. A tsayar da motoci da masu tafiya a ƙasa, a busa ƙaho na gargaɗi, a sake busawa. Abin da ake ji wani gurnani ne mai nauyi daga ƙasa, tabarmin su ɗan ɗago su koma, ƙura ta fito ta gefensu. Daƙiƙa biyu ko uku an gama. Mai kula da nakiyar ya shiga ya duba ko akwai ramin da bai tashi ba, sannan a busa ta sallama. A New York hukumar kashe gobara ce ke ba da izinin wannan aiki, ita ke sa ido kan shigowar nakiyar da fitar da abin da ya rage. Da haka aka haƙa babban ramin matatar a Van Cortlandt, mai zurfin da ya doshi mita 30, kuma wannan yana cikin takardar tun farko.

Injin guduma kuwa katafila ce da aka cire wa cokali aka ɗaura mata wani ƙaton ƙarfe mai tsini, wanda matsin mai ke bugawa kan dutse sau ɗaruruwa a minti guda. Babu gargaɗi, babu tsayar da titi, babu fargabar wani abu ya yi tsalle. Amma a kan dutse mai tauri irin na Fordham ci kaɗan yake yi, yana ɓantarar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya matsa ya sake. Aikin da nakiya za ta gama cikin makonni sai ya ja watanni. Bambancin su biyun kamar na tsawa ce da ta faɗi sau ɗaya da rana, da maƙwabciyar da ta kafa turmi a jikin bangonka tana daka tun hantsi har la'asar, yau da gobe da jibi. Jadawalin hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ya sa ƙarar wannan inji a kan desibel 90 (ma'aunin ƙarfin sauti) daga nisan mita 15. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ajin da ake son ɗalibi ya ji malami sosai bai kamata hayaniyar cikinsa ta wuce desibel 35 ba. Bango da taga da nisa suna rage wani abu, amma malamin da ke koyar da lissafi a ajin da ke kallon titi ya san abin da ya rage.

Hanya ta uku ita ce wadda mutanen Jerome Park suka ce an rubuta musu. Idan an riga an haƙa rami a ƙarƙashi, to ba sai an sari dutse daga sama ba. Ana kafa inji a sama ya huda siririn rami ya gangara har ya ɓulla cikin ramin ƙasa. A can ƙasa ma'aikata su cire ɗan bakin da ya yi hudar, su ɗaura wani faffaɗan kai mai haƙoran ƙarfe, faɗinsa daidai da faɗin rijiyar da ake so. Injin ya riƙa juya shi yana janyo shi sama a hankali, yana cin dutsen daga ƙasa. Duk abin da ya gutsuro ƙasa yake zubowa cikin ramin, a kwashe ta can a fitar da shi ta ɗaya bakin. Wanda ke kan titi ba ya ganin komai sai inji ɗaya a bayan shinge.

Ita ma da iyakarta. Rijiya zagayayya take yi, ba ta sassaƙa ɗaki mai faɗi da kusurwa, kuma sai ramin ƙasa ya iso kafin a fara, wanda ke ɗaure jadawalin wannan aiki da na wancan. Idan aka sauya zane, aka faɗaɗa ɗakin ko aka haɗe ayyuka biyu wuri ɗaya, sai hanyar ta daina isa. Akwai kuma wasu dabarun, irin su zuba wani siminti mai kumbura cikin huda ya tsaga dutsen cikin dare ba ƙara, ko yanka shi da waya mai lu'ulu'u, amma tsadarsu da jinkirinsu sun sa ba a cika yin babban aiki da su ba.

Lambar injiniya da bangon mai gida

Idan aka taru a zauren taro, injiniya da lamba yake zuwa. Girgizar nakiya ana auna ta ne da saurin motsin ƙasa, kuma ma'aunin da aka fi dogara da shi a Amurka ya fito daga wani rahoto na Hukumar Ma'adinai na 1980, bayan an bi gidaje ana duba lokacin da bango ke fara tsagewa. Rahoton ya ce ga tsohon gida mai yaɓe, idan girgizar mai nauyi ce a hankali, kada ta wuce rabin inci a daƙiƙa, wato wajen milimita 13. Idan mai sauri ce ana iya kaiwa inci biyu. Ana dasa na'urori a jikin gine-ginen kusa, kowane tashi su rubuta abin da ya iso.

Matsalar ita ce jikin mutum ya fi bango ji nesa ba kusa ba. Mutum na jin motsin da bai kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba. Kofi ya yi ƙara a kan tire, gilashin taga ya kaɗa, hoton bango ya karkace, alhali na'ura na nuna ba a kai ko kashi ɗaya cikin goma na iyaka ba. Injiniya ya ce babu komai, kuma bisa ma'auninsa gaskiya ya faɗa. Matar da ke hawa na shida ta ce gidanta ya motsa, ita ma gaskiya ta faɗa. Daga ranar za ta fara duba bango, ta ga tsagar da wataƙila ta shekara goma a wurin ba ta lura ba, wataƙila kuma jiya ta fito. Wa zai raba gardama?

Abin da ke raba ta shi ne binciken da ake yi kafin a fara: a shiga gida gida da kyamara a ɗauki kowace tsaga, a rubuta, mai gida ya sa hannu, a ba shi kwafi. Inda aka yi wannan da gaskiya, maganar diyya ba ta wahala. Inda aka tsallake shi, ko aka taƙaita shi ga gine-gine biyu uku mafi kusa, nauyin kawo hujja kan mai gida yake faɗawa, shi da ba shi da na'ura ba shi da lauya. Kuma sau da yawa kamfanin da ke karanta na'urar ɗan kwangila ne ke biyansa. Ko da mutanen kirki ne, wanda bangonsa ya tsage ba zai ga haka ba.

A Jerome Park akwai ƙarin abin dubawa. Tafkin an gama shi a 1906, a filin da a da ake sukuwar dawaki, yana ɗaukar galan miliyan 773, kuma a shekarar 2000 aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Bangonsa da tsofaffin magudanan da ke kewaye da shi ginin dutse da bulo ne na fiye da ƙarni guda. Ma'aunin 1980 kan gidajen zama aka gina shi. Tambayar da mazauna suka yi, ko an duba abin da girgiza za ta yi wa tsohon gini mai riƙe da ruwa haka, tambaya ce da injiniya ma zai yi.

Sai abin da lamba ba ta kamawa. Dutse kan kuɓuce wa tabarma ya yi tsalle. Ba kasafai ba, amma yana faruwa, kuma a nan ƙetaren titin ɗalibai ne. Gefen tafkin jere yake da makarantu: Bronx Science, DeWitt Clinton, kwalejin Lehman da wasu, dubban yara na bin titin Goulden safe da yamma. Injiniya na lissafin sau nawa abu ke faruwa cikin dubu. Uwa ba ta wannan lissafin, kuma ban ga laifinta ba.

Inda dutsen zai fita

A ganina nan ne zuciyar rigimar, ko da yake kalmar nakiya ce ta ja hankalin jaridu. Kowace hanya aka bi, dutsen da aka fasa sai ya bar wurin. Idan daga ƙasa aka ci shi, ta cikin rami zai bi ya fita a Van Cortlandt, inda aka riga aka shirya wa manyan motoci hanya kusa da babban titi. Idan daga sama aka fasa shi, da nakiya ne ko da guduma, katafila ce za ta loda shi a tifa, tifar ta fito ta gaban makaranta, ta bi ta cikin unguwa, ta dawo wayam ta sake ɗauka. Sauya hanyar haƙa ya ɗauke kaya daga kan wasu ya ɗora wa wasu, kuma waɗanda aka ɗora wa ba a tambaye su ba.

Tifa a Bronx ba ƙaramar magana ba ce. Yankin na cikin wuraren da ciwon asma ya fi kama yara a duk Amurka, manyan titunan da aka ratsa unguwanni da su tun tsakiyar ƙarnin jiya suna zuba musu hayaƙin dizal dare da rana. Ga ƙurar dutsen kanta, wadda ke ɗauke da sinadarin silika mai lalata huhu. Ma'aikacin da ke tsaye kan huda ya fi kowa shaƙarta, shi ya sa ake fesa ruwa, amma ranar da iska ta tashi ba ta tsayawa a shinge. Unguwannin nan na masu ƙaramin ƙarfi ne da matsakaita: dogayen benayen Tracey Towers, gidajen haɗin gwiwa na Amalgamated da ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ta gina tun 1927, da baƙi daga ko'ina. Bronx ce ma matattarar 'yan Afirka ta Yamma a New York, har da Hausawan zangon Ghana da 'yan Nijar, don haka ba mamaki wani mai karanta wannan yana da ɗan uwa da ke shan ruwan Croton.

Dokar jihar New York ta ce kafin babban aiki sai an rubuta rahoton illar da zai yi wa muhalli, a buga, a saurari jama'a. Idan daga baya aka yi sauyi mai girma, sai an yi ƙarin rahoto an sake sauraro. Idan sauyin ƙarami ne, takardar cikin gida ta isa. Wa ke yanke cewa sauyi ƙarami ne? Hukumar da ke aikin. DEP ta ɗauki komawa nakiya a matsayin ƙaramin gyara, tana cewa zai ma rage wa mutane wahala tunda zai gajarta aikin. Dinowitz da ƙungiyar Bronx Council for Environmental Quality da sauran masu ƙara suka ce idan an rubuta ba za a yi abu ba, sannan aka zo za a yi shi, ba a kiran wannan ƙarami.

Kowane ɓangare na da abin da ke matsa masa. Hukumar na ƙarƙashin wa'adin kotun tarayya, kowane jinkiri kuɗi ne, ƙarin rahoto kuma na iya cin watanni. Sannan ba wanda ke sanin ainihin halin dutse sai an buɗe shi. Ana huda nan da can a ɗauko samfuri kafin a yi zane, amma tsakanin huda da huda hasashe ne. Injiniyan da ya ce ba zai taɓa sauya hanya ba, ko dai bai san aikin ba ko yana faɗin abin da ake son ji ne. Kuskuren yana wajen rubuta alkawari mai kaifi lokacin da ake neman yarda, alkawarin da aka san ƙasa na iya karya shi. Da an rubuta tun 2004 cewa ga hanyar da muke so, ga abin da zai sa mu sauya, ga abin da za mu yi muku idan mun sauya, da an sha surutu a lokacin, amma da ba a je kotu a 2008 ba.

An kafa kwamitin sa ido kan aikin, mai wakilan unguwanni da zaɓaɓɓu da jami'an hukuma, yana zama a bainar jama'a. Ya yi amfani, domin a irin zamansa ne ake tilasta wa jami'i ya amsa tambaya da bakinsa. Amma kwamiti ne na ji da tambaya, ba shi da ikon cewa a tsaya. Wanda aka gayyata ya zauna ana sanar da shi abin da aka riga aka yanke, ba a daɗe ba yake gane matsayinsa.

Ga mai karatu a Najeriya abin ba baƙo ba ne. Abuja, Zariya, Bauchi da babban ɓangaren Kano duk kan irin wannan tsohon dutse suke zaune, duk mai haƙa rijiyar burtsatse ya san inda bakin injinsa ke fara kuka. A watan Satumbar 2018, da ƙasa ta yi ta motsi a Mpape da kewaye, abin da mutane suka fara nunawa da yatsa shi ne kamfanonin fasa dutse, hukumar babban birnin tarayya kuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin. Dokoki akwai su: ta tantance illar ayyuka ga muhalli tun 1992, da ƙa'idojin fasa dutse da hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar a 2013. Abin da mutanen Bronx suka fi mu shi ne takardar na hannunsu. Sun karanta ta, sun san shafin da aka yi alkawarin, shi suka ɗauka suka kai gaban alƙali. Mai gidan da bututun ruwa zai bi ta bayan katangarsa a nan, da wuya ya taɓa ganin rahoton aikin, balle a zo a ɗauki hoton bangonsa kafin a fara.

Matatar Croton ta fara aiki a watan Mayun 2015, shekaru bayan wa'adin farko. Tana iya tace galan miliyan 290 a rana, sama da lita biliyan ɗaya, kuma ita ce abin da birnin ke jingina da shi a shirinsa na rufe babbar magudanar Delaware domin gyara yoyon da ta daɗe tana yi a kusa da kogin Hudson. Ba a cika samun mai cewa ba a buƙatar ta ba, har cikin waɗanda suka yi ƙara. Kuɗin da aka yi ta ƙiyastawa a wajen dala biliyan ɗaya ya ƙare a biliyan 3.2, kuma daga kuɗin ruwan da masu gidaje ke biya ake cire shi, su kuma su ɗora a kan haya, har da hayar benayen da ke kallon tafkin.